Kiwon Lafiya Bayan Dashen Ƙoda

Muna gai da manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam da Kadawa, da kuma duk wanda ya ke zaune yanzu a inuwar ɗakin shan magani yana jiran malamin asibiti ya kira shi.

Jawabinmu na yau a kan mutumin da aka yi wa dashen ƙoda ne, da irin cututtukan da su ke fakonsa bayan ya komo gida, musamman ciwon daji na fata da ƙwayoyin cutar da a ke kira bairos. Watakila ka ce, "Ni ina ruwana, ƙodata lafiya lau?" To, ka saurara dai. Hawan jini da ciwon sukari sun yi yawa cikin jama'a, su ne kuwa kan gaba wajen kashe ƙoda. In ba kai ba, ko ɗan'uwanka, ko maƙwabcinka, ko wanda ku ke haɗa iyakar gona da shi.

Kowane manomi a nan ya san dashe. Ka kan cire irin tumatir ko na shinkafa daga inda aka rene shi, ka kai shi wani fage ka dasa. Ka kuma sani ranar dashe ba ranar hutu ba ce. Daga ranar ne ban ruwa da cirar ciyawa da tsaron tsutsa za su fara. Haka dashen ƙoda ya ke. Likita ya dasa, amma renon yana hannunka.

ASALIN AIKIN

An fara cin nasarar wannan aiki a birnin Boston na ƙasar Amurka ran 23 ga Disamba, 1954, sa'ad da wani likita mai suna Joseph Murray ya ɗauki ƙodar wani saurayi ya dasa wa ɗan'uwansa. Su tagwaye ne masu kama ɗaya, don haka jikin bai ƙi baƙuwar ƙodar ba. A nan Nijeriya an fara aikin a Ikko, watau Legas, cikin 2000. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara nasa cikin 2002. Waɗansu mutanenmu su kan tafi Indiya ko Masar a yi musu, su komo.

To, ba kowa ke da ɗan tagwai ba. Allah ya sa wa jikin ɗan Adam masu gadi a cikin jini, su ne a ke kira garkuwar jiki. Aikinsu shi ne su far wa duk baƙon da ya shigo. Ba su san ƙodar nan kyauta ce daga ɗan'uwa ba, a wurinsu baƙuwa ce kawai, sai su tasar mata. Saboda haka likita ya kan ba mai dashe magunguna masu kwantar da masu gadin nan, kamar su takrolimus, da saikulosporin, da maikofenolet, da azatayofirin, da firednisolon. Zai riƙa shan su kullum muddin ƙodar tana jikinsa.

Amma in masu gadi sun yi gyangyaɗi, ba baƙon kirki kaɗai ke samun hanya ba, har ɓarayi ma. Ku dubi ƙofar da a ke sako ruwa da ita daga madatsar Tiga, wadda aka gama gininta cikin 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. In an buɗe ta fiye da kima gonaki su nutse, in an tsuke ta shuka ta ƙone. Haka awon maganin nan ya ke. In ya yi kaɗan jiki ya ƙi ƙodar, in ya yi yawa cututtuka su samu ƙofa. Likita ne kaɗai mai riƙe da makullin, da gwajin jini kuwa ya ke sanin inda zai tsaya. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka tsallake rana.

ƘWAYOYIN CUTAR DA SU KE FARKAWA

Bairos ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, kafson da a ke saye a kemis ba ya taɓa ta. Da yawa daga cikinsu sun shiga jikinmu tun muna yara, garkuwar jiki ta danne su, sun yi lamo shekara da shekaru. Bayan dashe sai su farka, musamman daga wata na biyu zuwa na shida, lokacin da maganin ya fi ƙarfi. Ga waɗanda ya kamata ka sani.

Ta fari ita ce wadda likitoci ke kira CMV. Ta kan kawo zazzaɓin da ba ya jin maganin zazzaɓin cizon sauro, da kasala, da gudawa, wani lokaci da tari ko dishi-dishin gani. Don tsoronta a kan ba mai dashe maganin rigakafi na wata uku zuwa shida. In an rubuta maka shi, ka shanye har ƙarshe.

Ta biyu ita ce ƙwayar ƙarambau. Wanda ya yi ƙarambau yana yaro, ƙwayar ba ta fita ba, ta kwanta ne a cikin jijiya. In ta farka sai ka ji zafi kamar wuta a gefe ɗaya na jiki, a haƙarƙari ko a fuska, sa'an nan ƙuraje masu ruwa su fito a jere kamar an ɗaura ɗamara. Akwai maganinta, asaikulobir, amma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku na fari. In ta fito kusa da ido, ranar nan za ka tafi asibiti. In kuma yaro ya yi ƙarambau ko ƙyanda a gidanku, ka nisance shi, ka sanar da likitanka nan da nan.

Ta uku ita ce BK. An fara gano ta a Landan cikin 1971 a fitsarin wani mutumin Sudan da aka yi wa dashen ƙoda, haruffan sunansa aka sa mata. Ita ba ta da wata alama. A ɓoye ta ke cin sabuwar ƙodar kamar gara, sai gwajin jini ke tona ta. Shi ya sa ba a barin ranar komawa asibiti ko da mutum yana jin garau.

Ta huɗu ita ce EBV. Cikin 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt ya ba da bayanin wani ciwon daji mai kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, cikin 1964 kuma aka gano wannan ƙwaya a cikin irin ƙarin. Ga mai dashe ta kan jawo ciwon daji na kaluluwa. In ka ji ƙullutu a wuya ko hammata ko matsematsi, ya wuce mako biyu bai baje ba, ga gumin dare, ga rama, kada ka jira.

Ta biyar ita ce ƙwayar ciwon hanta, iri biyu, B da C. Binciken da gwamnati ta yi cikin 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin kowane baligi 100 a Nijeriya suna ɗauke da irin B, yawancinsu ba su sani ba. Ta jini ta ke bi, da ta saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri. Ka tuna da askar wanzami, da ƙaho, da tsaga, da almakashin mai yankan farce a kasuwa, da allurar da aka yi wa wani aka maimaita maka. Ka sayi askarka da abin yankan farcenka, kada kowa ya taɓa su. Irin B yana da allurar rigakafi, ya fi kyau a yi ta tun kafin dashe, akwai kuma maganin da ke danne shi. Irin C ba shi da rigakafi, amma yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin kamar wata uku.

A nan akwai gargaɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana sayar da sassan jikin mutum. Wanda ya bi dillali aka dasa masa ƙodar saye a ɓoye, ba shi da tabbacin an gwada jinin mai ƙodar. Yana iya komowa da ƙoda, da ciwon hanta ko ƙanjamau a kanta.

CIWON DAJI NA FATA

Garkuwar jiki ba baƙi kaɗai ta ke kora ba. Ita ce kuma ke tsinke tsokar da ta fara lalacewa tun ba ta zama daji ba, kamar yadda ka ke cire ƙuduji tun bai kashe gero ba. Da ta yi rauni, sai ciwon daji ya samu fili.

A ƙasashen Turawa, ciwon daji na fata shi ne ya fi kowane irin daji yawa ga masu dashe, har ya kan ninka na sauran jama'a sau sittin ko fiye. Zafin rana ne babban dalili. Mu baƙar fatarmu tana kāre mu ƙwarai, gaskiya ne. Amma kada wannan ya ruɗe ka ka ce cutar Bature ce. A wurinmu ta kan sake hanya ne, ta ɓullo inda ba a dubawa. Ga hanyoyinta huɗu.

Ta fari, sankarar Kaposi. Wani likita mai suna Moritz Kaposi ya fara bayyana ta a birnin Biyana cikin 1872, amma sai 1994 aka gano cewa bairos ce ke kawo ta, wadda a ke kira HHV-8. Wannan ƙwaya ta fi yawa cikin mutanen Afirka da na gaɓar Bahar Rum, saboda haka mai dashe a nan ya fi Bature haɗarin wannan sankara. Yawanci cikin shekara biyu na fari ta ke fitowa. Za ka ga tabo ko ƙullutu mai duhu, ya fi sauran fatar baƙi, ko ya yi kamar launin makuba, galibi a ƙafa ko ƙwauri, ba ƙaiƙayi ba zafi. Wani lokaci ƙafar ta kumbura ta yi tauri. Ya kan fito kuma a ganda ko dasashi.

Ku saurara da kyau a nan, jama'a. Mutane da yawa sun san wannan tabo a jikin masu ƙanjamau, don haka mai dashe ya kan ji kunya ya rufe ƙafarsa da safa, yana tsoron bakin mutane. Wannan kuskure ne mai kisa. Tabon ba shaidar ƙanjamau ba ne, shaidar raunin garkuwa ne kawai, maganin dashe kuwa yana raunana ta. Labari mai daɗi shi ne, in an gano shi da wuri, sau da yawa likita ya kan rage maganin ko ya sauya shi da wani mai suna sirolimus, sai tabon ya koma da kansa. In aka bar shi, yana iya shiga hanji da huhu.

Ta biyu, ƙurajen nan masu kaushi da a ke kira tusan jaki. Bairos ce ke kawo su, sunanta HPV. Ga mai dashe su kan yi yawa, su ƙi tafiya. Waɗansu irin wannan ƙwaya, in sun zauna a al'aura ko dubura ko bakin mahaifa, su kan rikiɗe su zama daji. Ga baƙar fata mai dashe, a irin waɗannan wurare da rana ba ta gani ne dajin ya kan ɓullo sau da yawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka ga ƙari ko miki a can, ka nuna wa likita. Mace mai dashe ta nemi a riƙa duba mata bakin mahaifa a kan kari, tana kuma da ikon ta roƙi mace ta duba ta. Tun Oktoba 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin wannan ƙwaya kyauta, Jihar Kano tana cikin na fari. Ku kai 'ya'yanku.

Ta uku, tsohon gyambo da tabon ƙuna. Mikin da ya shekara bai warke ba a ƙwauri, ko tabon wuta na tun ƙuruciya, yana iya juyewa ya zama daji. Alamarsa ita ce bakin mikin ya yi tudu ya yi tauri, ya riƙa jini da an taɓa shi, ya yi ɗoyi. Ka duba tafin ƙafarka da ƙarƙashin farce kuma. Baƙin tabon da ke faɗaɗa a can ba na wasa ba ne.

Ta huɗu, rana. Zabiya shi ya fi kowa haɗari, da dashe ko ba dashe, gama fatarsa ba ta da abin da ke tare zafin rana. Mai shafa man sauya launin fata kuma yana sirantar da fatarsa da hannunsa. Wanda ke shan azatayofirin ma fatarsa ta kan ƙara jin rana. Ga irin waɗannan, ɓawon da ya ƙi warkewa a leɓe, ko kunne, ko goshi, ko bayan hannu, lalle a nuna shi.

Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Duk miki, ko ƙari, ko tabon da ya kai wata ɗaya bai warke ba, ko yana girma, ko yana jini, ko yana sake launi, a kai shi asibiti. Kada a tsaga shi, kada a ƙona shi, kada a ɗaura masa ganye. Likita zai yanki ɗan kaɗan ya duba a madubin asibiti. Mutane su kan ce in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Ba haka ba ne. Jinkiri ne ke baza shi. Ƙaramin dajin fata ana yanke shi a gama cikin yini ɗaya, babba kuwa ya kan tafi da ƙafa, ko da rai.

GA MANOMIN RANI

Ba mu ce mai dashe ya bar gona ba. In likita ya yarda ya koma aiki, sai ya kiyaye waɗannan.

Ka yi sammako, ka tashi daga gona da hantsi, ka koma da la'asar. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ne rana ta fi cin fata. Ka sa malafa mai faɗin baki da riga mai dogon hannu. Zabiya da mai hasken fata su ƙara da man kāre rana mai lamba 30 ko fiye, a fuska da kunne da wuya da hannu.

Kada ka shiga ruwan magudana ko fadamar shinkafa da ƙafa tsirara. Kun san tsargiya a wannan yanki. Tsutsarta tana rayuwa cikin ƙananan dodon koɗi na bakin ruwa, ta huda fata ta shiga, ta je ta zauna a mafitsara. In ta daɗe ta kan toshe hanyar fitsari, ta kan kuma jawo ciwon daji na mafitsara. Mai ƙoda ɗaya ta kyauta ba shi da wata a ajiye. Ka sa dogon takalmin roba, ka bar wanka da alwala a magudana. In ka ga jini a fitsari, ka tafi a gwada. Akwai maganin tsargiya, firazikwantel, amma likitanka zai rubuta maka.

Ka tafasa ruwan shanka. Ka tafasa madara. Ka wanke tumatir da latas da ruwa mai tsabta, nama kuma ya dahu sarai. Ka kwana cikin gidan sauro, gama ruwan rani ya sa sauro ba ya ƙarewa a nan.

Kada ka sha jiƙe-jiƙe, ko sassaƙe, ko tsimi, ko maganin da a ke tallansa da lasifika ran kasuwa. Waɗansu su kan ƙone ƙodar, waɗansu su karya ƙarfin maganin dashe. Ko maganin asibiti ma akwai wanda ba ya jituwa da shi, kamar rifamfisin na tarin fuka, da irin su ibufurofen da daikulofenak na ciwon jiki. Duk inda ka je shan magani, kalmarka ta fari ita ce, "An yi mini dashen ƙoda." Ka riƙe katinka a aljihu. Kafin azumi ka shawarci likitanka, gama yawancin maganin nan sau biyu a ke shansa a rana, awa goma sha biyu tsakani. Mace mai son haihuwa ta faɗa masa tun kafin ta ɗauki ciki, domin maikofenolet yana ɓata ɗan tayi, sai an sauya shi.

Game da allurar rigakafi, akwai waɗanda a ke yi da ƙwaya mai rai wadda aka raunana, kamar ta shawara da ta ƙyanda da ɗigon shan inna. Waɗannan ba a ba mai dashe su. In za ka yi tafiyar da a ke neman katin shawara, ka nemi takarda daga likitanka. Amma yaran gida lalle a yi musu rigakafinsu duka, gama lafiyarsu katanga ce a gare ka. In an ɗiga wa yaro maganin shan inna, kai dai kada ka taɓa kashinsa har mako shida, ka kuma yawaita wanke hannu da sabulu.

GA 'YAN'UWA DA MALAMIN ASIBITI

Uwargida, ko maigida, ke ce ko kai ne madubin mai dashe. Sau ɗaya a wata, ran da aka ga sabon wata don kada a manta, ku fita haske ku duba shi tun daga ƙoƙon kai har tafin ƙafa: bayan kunne, da gadon baya, da cikin baki, da tsakanin yatsu. Abin da ba ku gani ba watan jiya, ku riƙe shi ku faɗa.

Dangi kuma, ku da kuka haɗa kuɗin aiki, wani ya sayar da gona, wani ya ba da ƙodarsa, kada ku janye hannu bayan an komo gida. Kuɗin magani na kowane wata shi ne ban ruwan dashen nan. Ku ware shi tun ran da aka sayar da shinkafa, ku sayi sabo tun saura na mako biyu. In abin ya gagara, ku faɗa wa likita gaskiya tun maganin bai ƙare ba.

Malamin ɗakin shan magani, in mai dashe ya zo maka da zazzaɓin da ya kai awo 38, kada ka sallame shi da maganin cizon sauro kawai ka ce ya komo jibi. Firednisolon ya kan ɓoye zafin jiki, cuta kuwa tana gudu a jikinsu. Ka gwada shi, ka rubuta takarda, ka tura shi asibitin da ke lura da dashensa ranar nan. Haka kuma in fitsarinsa ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, ko wurin dashen yana ciwo, ko amai da gudawa sun hana magani zama a cikinsa. Daga Kura ko Bunkure zuwa birnin Kano tafiyar safiya ɗaya ce. Kuɗin mota bai kai kuɗin komawa wankin ƙoda sau biyu ko uku kowane mako ba.

Jama'a, kada wannan jawabi ya sa wani ya ji tsoron dashe. Masu dashe da yawa su kan yi shekara goma, waɗansu ashirin ko fiye, suna nomansu, suna kasuwarsu, suna aurar da 'ya'yansu. Abin da ya taimake su shi ne shan magani a kan lokaci, da komawa asibiti ranar da aka sa musu, da nuna abu tun yana ƙarami. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa war haka.